Tauraron Bayan Tuta

Duk wanda ya ce maka mun taɓa kewaye wuta a Garwa don jin ɗumi, to bai san Garwa ba. Garin da mutum ke yin gumi a cikin inuwa, wa zai nemi ƙarin zafi? Wutar da muka taso muna kewayewa a gidanmu na unguwar Rumde Ajiya ta sana'a ce. Kakarmu, wadda babba da yaro ke kira Dada, gyaɗa take soyawa da yashi a cikin wani tsohon kasko, da safe a kai bakin kasuwa. Da an ci tuwon dare sai ta hura murhu a tsakar gida, ta dire mana ƙwaryar gyaɗa mu ɓare ta gobe, ita kuma ta biya mu da tatsuniya. Ba ta ba da labari a banza. In hannun ɗayanmu ya tsaya, bakinta ma ya tsaya, ko da kura ta buɗe baki za ta haɗiye yarinya ne, har sai mun harari malalacin ya ci gaba da ɓara.

Mu ne 'yan gaban murhun: ni Binta, da ƙannena biyu maza waɗanda barci bai taɓa barin su sun ji ƙarshen labari ba, sai Ladi, 'yar ƙanen babana. Ni da Ladi tsara ne, ba mu kai shekara goma ba a lokacin. Tabarma ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, faɗanmu kuma bai wuce na wadda za ta kankare ƙanzo ba. Dada kan ce mu biyun nan bakinmu ya fi hannunmu sauri, gyaɗar da ke shiga cikinmu ta fi wadda ke shiga ƙwarya. Mu kuma mu ce ai haƙoranta ne suka ƙare, shi ya sa take baƙin ciki da masu tauna. Can a zaure, ta ƙofar da ba a rufewa saboda zafi, ana hango Baba a kan keken ɗinkinsa da fitilar ƙwai a gefe. Tela ne, kamar ubansa. Ƙarar kekensa ita ce kiɗan tatsuniyoyin Dada, har yau in na ji tsohon keke na tafiya sai ƙanshin gyaɗa ya zo mini.

Akwai abu ɗaya da sai ka san shi za ka gane gidanmu. Baba ɗan fari ne a wurin Dada, ita kuwa tsohuwar ta riƙe kunyar ɗan fari yadda aka koya mata, ta Hausawa ta haɗa da ta Fulanin da ta girma a cikinsu. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama inda ya zauna, in ya gaishe ta da safe sai ta amsa wa bango. "Mai keke" take ce masa, ko "na zaure". In tana son ya gyara rufin ɗaki, sai ta tsaya tsakar gida ta gaya wa kaji cewa ɗakinta na yoyo, ko Allah zai sa wani ya ji. Mu yara abin dariya ya zamar mana. Sai da na girma na gane nauyinsa: uwa ce ga ɗanta a gabanta kullum, amma ba ta da bakin ce masa kada ka yi kaza.

Mahaifiyar Ladi kuwa, Inna Marta, daga duwatsun Mokolo take. Baffa Sani, ƙanen Baba, yakan kai ɗinkakkun kaya kasuwar can, a nan ya gan ta tana sayar da dankali. Da Hausa suka daidaita, don shi ba ya jin yarensu, ita kuma Fulatancinta na gaisuwa ne. Ya aure ta da addininta, ya kawo ta gida. Dangi sun yi ta ƙananan maganganu, amma mace ce da ba ta bar wa mai magana wurin kamawa ba. Ran Lahadi ta ɗaura zanenta mai kyau ta tafi coci, da azumi kuma ita ke fara tashi ta ɗora kunun sahur. Ita da Dada sun saba har suna faɗa a kan gishirin miya, wanda a gidanmu alamar shiri ce. Sai ciwo ya kwantar da Baffa Sani, bai tashi ba. Inna Marta ta zauna takaba kamar kowace matar gida, ba tare da wani ya sa ta ba.

Da takabar ta zo ƙarshe, manyan dangi suka zauna da Baba a zaure. Hukuncin da suka yanke ba sabo ba ne: mace ta koma gidan iyayenta, 'ya kuwa ta dangin uba ce, ta zauna. Aka aika Mokolo cewa wan Inna Marta ya zo ya tafi da ita. Baba ba mugu ba ne, nauyin baffanninsa ya ji, ya ce to. Ba wanda ya gaya mana, amma yaro ba kurma ba ne. Ladi ta daina cin ƙanzo, ta bar mini duka, ni kuma ya daina yi mini daɗi. Ta bar tabarmarmu ta koma bayan uwarta, tana ƙulla bakin zanenta da na uwar don kada a tafi tana barci. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushin kowa a gidan, har Dada. Na same ta a ɗaki na tambaye ta me ya hana ta magana, ai ita ta haifi Baba.

Ta ce, "Bakin da bai taɓa kiran sunansa ba, yau zai buɗe ya karya maganarsa a gaban baffanninsa? Wannan zance ya fi ƙarfin kaji, Binta. Je ki yi shararki."

A daidai wannan lokacin ne aka canja tutar ƙasa. Wadda muka saba rera waƙa a gabanta a lekol, wato makarantar boko, tana da kore da ja da rawaya, da taurari biyu a saman koren. Malaminmu ya ce ɗaya namu ne, ɓangaren da Faransa ta riƙe, ɗayan kuma na 'yan'uwanmu na yamma da Ingila ta riƙe. Sai aka sanar a rediyo cewa ƙasa ɗaya ce, tauraro ɗaya ya ishe ta, kuma a tsakiyar jan zai zauna. Manyan ofisoshi sun samu sababbi. Amma makarantun ƙauye da masu unguwa ina suka ga sabon yadi? Sai suka kwaso tsofaffin suka kawo wa teloli a gyara. Zauren Baba ya cika da drapo, kamar yadda masu kawowa ke kiran su.

Aikin ba wuya. A farke taurarin nan biyu da reza, a ɗora ɗaya a tsakiyar ja, a bi da keke. Tutocin talakawa ne, fuska ɗaya aka yi wa ado tun farko, bayan kuwa sai sawun zare. Kowace tuta sai ta bar rarar tauraro guda, Baba ya ture shi ƙasa cikin ƙyallaye. Dada ta sa ni in riƙa tsince su in ina shara, tana tarawa a gwangwanin madara, ban san me za ta yi da su ba. Akwai kuma abin da reza ta kasa cirewa. Rana ta sa koren ya koɗe ko'ina ban da inda taurarin suka zauna, sai ga siffarsu biyu raɗau, kore shar a cikin koɗaɗɗe. Wani direktan lekol ya yi ta mita a kan tabon nan, Baba ya ce masa wannan kam sai dai a kai ƙarar rana.

Dada ba ta ɗauki canjin da zafi ba. Ta ce tutocin da ta gani sun fi zannuwanta yawa. Uwarta ta ba ta labarin ta Jamus, ita kuma ta tashi ta tarar da ta Faransa, shuɗi da fari da ja, a ƙofar bariki. Sannan aka kawo mai kala ukun nan tsirara, ba tauraro ko ɗaya, mijinta ya ɗinka ta har yatsunsa suka yi kanta. Aka zo aka ce a liƙa biyu, shi ya liƙa. Yanzu ga mai keke yana farkewa. Ban da ta fadar Lamido, wadda ta girme su duka, fara ce da tsufa ya mayar ruwan ƙasa, ba a fito da ita sai da dalili. Ban da kuma ƙyallen da masu kwale-kwale ke ɗaurawa a dogon gora a bakin Binuwai in ruwa ya cika, don na tsallake ya san inda zai nufa. A wurin Dada wannan ƙyallen shi ne uban tutoci. Ta ce wanda ke tsaye a gindin tuta ba ya bukatarta, ai ya san inda yake, don na nesa ake ɗaga ta.

Ana gobe wan Inna Marta zai iso, aka ci tuwon dare. Hadari ya taso ya fasa, ya bar mu da zafinmu. Inna Marta ta gama ɗaure kayanta, ba su da yawa, ta fito ta zauna nesa kaɗan da murhu tana tsefe wa Ladi kai. Kitson ƙarshe take so ta yi mata da hannunta. Na lura Dada ta ajiye kujerarta kusa da ƙofar zaure fiye da kullum, ta juya mata baya. Ta zuba gyaɗa a yashi, ta ɗaga murya kamar da kurame take.

"Ga wata nan tafe da ƙafarta, a ba ta wuri."

Muka ce ta shigo, mun share mata.

Wai a wani gari na bakin kogi, mutanensa masunta, akwai doguwar giginya da ake ɗaura tutar gari a kanta don masu kwale-kwale su gane hanyar gida. Kowane sarki ya hau sai ya sauke ta wanda ya gada, ya jefa kogi, ya ɗaura tasa. An yi fara, an yi baƙa mai hoton tsuntsu, an yi wadda ba a tuna kalarta ba don sarkin bai daɗe ba. A ƙasan gari kuwa akwai wata tsohuwa mai wanki, duk tutar da ruwa ya kawo sai ta tsamo, ta shanya, ta ninke, ta ajiye. Mutane na ce mata mahaukaciya mai tara tsumma, ita kuwa ko a jikinta.

Sai aka yi wani sarki mai kirki, har taurari biyu, wa da ƙane, suka sauko daga sama suka zauna a kan tutarsa. Gari ya samu haske, ko a duhun damina masunta na hango gida. Da sarkin ya rasu ɗansa ya hau, fadawa suka kewaye shi. Suka ce, ranka ya daɗe, gari ɗaya, sarki ɗaya, me ya kawo tauraro biyu? A bar babban, a cire ƙaramin. Sabon sarki ba mugu ba ne, in ji Dada, nauyin manya yake ji, ya ce to. Aka ɓamɓare ƙaramin aka wurga kogi.

A nan Ladi ta tambaya daga ƙarƙashin hannun uwarta ko tauraron ya mutu.

Dada ta ce, "Tauraro ba ya mutuwa a ruwa, 'yar nan, jiƙa dai yake yi. Tsohuwa ta tsamo shi, ta goge shi da bakin zane, ta sa a tulu ta rufe. Ta ce abin da ya taɓa haska gida ba a zubar da shi da shara."

Keken Baba na ta tafiya, amma na ji ya rage gudu.

Wata damina kogi ya yi cikar da ba a taɓa gani ba. Ya ɓalle, ya zagaye gari, ya kwashi kwale-kwalen da suka fita ya watsa su cikin fadama a bayan gari, inda ba wanda ya taɓa zaton jirgi zai je. Cikin waɗanda ruwa ya tafi da su har da 'yar sarkin kansa. Duhu ya rufe. Tauraron tuta na nan yana haske, amma gaba yake kallo, wajen kogi. Na baya suka ɗaga kai ba su ga komai ba sai baƙin ƙyalle. Suna jin kiran iyayensu, iyayen na jin nasu, amma ba wanda ya san inda zai kafa gora. Dada ta kwaikwayi kiran nan da wata siririyar murya har ƙanena ya farka ya ruƙunƙume ni.

Tsohuwa mai wanki ta ɗauki tulunta ta nufi fada. Fadawa suka tare ta, suka ce yau ba ranar tsumma ba ce. Sai ta buɗe tulu, haske ya cika wurin. Sarki ya ce maza a mayar da shi inda yake da, kusa da ɗan'uwansa. Tsohuwa ta ce a'a, abin da aka farke ba ya komawa yadda yake, kuma ba gaba ne ke neman haske ba. Ta sa aka sauke tutar, ta kifa ta, ta ɗinka ƙaramin a bayan wansa, baya da baya, zare ɗaya ya ratsa su. Aka ɗaga. Na fadama suka hango, suka bi hasken, kafin gari ya waye kowa ya iso gida, har 'yar sarki.

"Tun daga ranar," in ji Dada, tana juya gyaɗa, bayanta na kallon zaure, "in ka tsaya gaba ka ga tauraro ɗaya, ka zagaya baya ka ga ɗaya. Wanda ya ce ɗaya ne bai yi ƙarya ba. Amma mai ɗinki ya san biyu ne, ya kuma san ranar da ya yar da ɗaya, rabin garinsa ya bari a duhu. Ni dai da yara nake. Ta ƙare, na mayar da ita kogi."

Keken ya tsaya cak, kuma ba tsayawar canja zare ba ce, don na san wannan. Gyaɗar kaskon ta ƙone, abin da bai taɓa faruwa a hannun Dada ba, ta kwashe tana zagin itace wai shi ya cika ci. Inna Marta ta ci gaba da kitso kanta a sunkuye, na ga hawaye na ɗiga a kan Ladi. An ce wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. To ranar har mu yara mun san da wanda ake. Na kwanta ina saurare ko keken zai sake tashi, barci ya ɗauke ni ban ji ba.

Da safe ina shara Baba ya kira ni. Ya shimfiɗa tuta ɗaya a kan tebur, ya kifa ta, yana kallon sawun zaren da ya zana tauraro ba komai a cikinsa. Ya tambaye ni ina gwangwanin nan na kakata. Na kawo. Ya zaro tauraro guda ya ɗora a kan sawun, ya zauna daidai. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tattara tutocin da ya gama, har waɗanda ya riga ya ninke, ya ɗora mini a ka, ya aza gwangwanin a sama.

"Kai wa Innarki Marta. Ki ce mata sai an kafa na baya da allura kafin in bi da keke, ni kuma idona ba ya gani sosai. Ki ce aikin da yawa, ba mai ƙarewa yau ko gobe ba ne."

Idon Baba lafiyarsa lau, ko da magariba yana zura zare a allura. Na dai kai saƙo yadda aka ba ni. Inna Marta ta dubi tutocin, ta dubi ƙullin kayanta a bakin ƙofa, ta ce in sake faɗa. Na sake. Sai ta zauna a kan ƙullin, ta ce Ladi ta miƙo mata allura.

Wanta ya iso da azahar a motar kasuwa, dogon manomi mai kaushin hannu. Aka ba shi ruwa, aka dama masa fura, Baba ya zauna da shi a zaure. Abin da suka tattauna, Inna Marta ce ta ba ni labarinsa bayan na girma. Baba ya ba shi haƙurin wahalar hanya, ya ce ɗakin ƙanensa na da mai shi, in tana so. In kuma ta fi son komawa dutse, to ta tafi da 'yarta, ba zai raba su ba, baffanninsa kuwa shi zai ji da su. Aka kira ta aka tambaye ta. Ta ce za ta zauna, Ladi na lekol, tsohuwa kuma na bukatar wadda za su yi faɗan gishiri, amma da kaka za su je su gaida gida su dawo. Wan ya ce shi ma dama ba da son ransa ya zo ba. Ya kwana, ya koma da ƙullin gyaɗa, ba ƙonanniyar ba.

Baffannin sun yi fushi, wasu sun daɗe ba su sake taka zauren ba. Baba ya shanye. Dada kuwa ba ta taɓa nuna ta san an yi wani abu ba. Iyaka dai da yammar nan na ji tana gaya wa kaji cewa ashe na zaure ya fara iya ɗinki. Baba ya ji, don na ga ya sunkuyar da kai a kan keke yana murmushi. Ban san ta taɓa yi masa yabon da ya wuce wannan ba. Ladi ta dawo tabarmarmu, muka ɗora faɗan ƙanzo daga inda muka tsaya.

Inna Marta ta tsufa a gidanmu. Ita ta yi jinyar Dada a ciwonta na ƙarshe, ita ke juya ta, ita ke ba ta kunu da cokali, in lokacin salla ya yi ita ke kawo mata buta ta daidaita ta gabas. Ladi ta zama ungozoma, yaran unguwarmu da dama ta hannunta suka zo duniya, har da nawa. In na tuna saura ƙiris mu yi asarar duk wannan, kuma da hannunmu, sai gabana ya faɗi.

Ni kuma koyarwa na yi, har kaina ya yi furfura a gaban allo. Na ga tutoci iri-iri bayan na Dada: na jam'iyyu lokacin zaɓe, na 'yan ƙwallo da samari ke ɗaurawa a babur suna cika mana kunne, da ta ƙasa da muke ɗagawa kowace Litinin. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin dabarar tsohuwar da kunya ta ɗaure wa baki, ta nemi wata ƙofa. Haka ɗin ne ma. Amma da shekaru suka ja, muka fara jin labarin rikici daga yankin masu Turancin Ingilishi, na ji ana cewa akwai waɗanda har yau suke ganin nasu tauraron ne aka farke. Sai na tuna tabon nan na kan kore da reza ta kasa. Ni ba 'yar siyasa ba ce, ban san yadda za a ɗinke abin da ya yage a can ba. Ilimina na zaure ne: in an ce abu biyu ya zama ɗaya, ba a ce a yar da ɗayan ba. Kuma na san ana iyawa, don na ga an yi a gidanmu, da allura da haƙuri da mutum ɗaya da ya yarda ya janye maganarsa.

A shekarata ta ƙarshe kafin ritaya aka kawo wata yarinya ajina, iyayenta sun gudo daga can. Ba Faransanci, ba Fulatanci, ba Hausa, sai ido. Yara suka sa mata suna Baƙuwa, in an tashi tara ita kaɗai take cin abincinta a gindin dalbejiya. Wata Litinin da aka zo zaɓen mai jan igiyar tuta, na kama hannunta na kai ta gindin sanda. Igiyar ta sarƙe, wasu suka fara dariya. Sai wani yaro ɗan garin Yagwa ya fito daga layi, ba wanda ya sa shi, ya warware mata, suka ja tare.

Tutocin yanzu bugun inji ne, tauraron na fitowa ta kowace fuska ba sai an ɗinka ba, na san da haka sarai. Duk da haka, yara na rera waƙa, na bar wurina na zagaya bayan sandar kamar yadda nake yi kowace Litinin, malamai na yi mini dariyar da suka saba. Na ɗaga kai na duba. Yana nan.